Asirin Doña Eduviges a Hannun Lauya Nemesio

Jama'ar wannan shafi, ku gyara zama, labarin yau daga garinmu Santiago ya fito.

Akwai wani lauya a unguwarmu mai suna Nemesio Cepeda. Mutum ne mai ɗan tumbi da furfura a gefen kai, wanda ya ƙarar da rabin rayuwarsa yana raba rigimar gona da ta gado a wani ɗan ofis da ke saman kantin magani. Bai yi kuɗi ba, kuma abin bai taɓa hana shi barci ba. Da safe matarsa Yocasta ta daka masa agade da soyayyen ƙwai da albasa, da yamma ya zauna ƙofar kantin unguwa ya buga domino, wasan jera ƙwayoyi masu ɗigo-ɗigo, da abokansa. In ka tambaye shi ya aiki, zai ce maka sai godiya, kuma wallahi har zuciyarsa yake faɗa.

Ana nan sai wata ƙungiya mai tallafa wa harkar shari'a ta ɗauke shi aikin bincike. Abin da take so ta sani ɗaya ne: me ya sa shari'ar gungun 'yan damfarar intanet take mutuwa a kotu? Kun dai san yadda ake yi. A kama su da tulin wayoyi da kwamfutoci, a nuna su a talabijin, bayan shekara biyu ka gan su a unguwa bisa sabon babur suna ɗaga maka hannu.

Mutum biyu aka ɗauka. Akwai Dakta Ivelisse Grullón daga babban birni, ita ce shugabar aikin, sai shi Nemesio da aka ba kotunan arewa. In sun gama za su haɗa rahoto a gabatar gaban alƙalai da 'yan jarida. Wannan ne karo na farko da sunan Nemesio zai hau irin wannan abu, kuma kafin ya sa hannu a takardar aiki Yocasta ta riga ta sanar da duk 'yan'uwanta.

Kada in zalunci Dakta Ivelisse, ba muguwa ba ce. Kaifin ƙwaƙwalwa gare ta da saurin hannu, amma ta saba a ce mata ta yi daidai. Ta tattara hukunce-hukuncen da kotuna suka wallafa, ta karance su tas, ta yanke cewa alƙalanmu ne ba su san kan kwamfuta ba. Maganin a wurinta shi ne a kai su horo, shi ke nan.

Nemesio ma ya karanta. Sai dai ya lura cewa da yawa daga cikin shari'un da layi ɗaya suke ƙarewa: an kori ƙara saboda shaidu ba su bayyana ba. To me ya hana su bayyana? Takarda ba ta faɗa ba. Shi kuwa ya ce gani ya kori ji, sai ya fara zuwa kotu yana zama a bencin baya kamar mai jiran a kira shi.

Abokan domino suka samu abin yi. Amininsa Tolentino ya laƙaba masa Lauyan Benci, yana cewa ranar da Nemesio ya mutu da bencin nan za a sassaƙa masa akwati don kada su rabu. Nemesio sai ya yi dariya ya ɗora ƙwayarsa a tebur, yawanci ma shi ke cinye su.

Akwai wata shari'a da ya fi bi, wadda ake tuhumar samari sun fi goma, kowanne da nasa lauyan. Doka ta ce ba a ci gaba da zama sai kowane wanda ake tuhuma yana tare da lauyansa. To, yau lauyan wannan ne ke zazzaɓi, a ɗage. Zama na gaba ya warke garau, amma lauyan wancan yana da wata shari'a a wani gari, a ɗage. Na gaba kuma an yi wa wani rasuwa. Ba wanda ke fashi sau biyu a jere, don haka ba wanda za a kama da laifi.

Su kuwa shaidu yawancinsu tsofaffi ne. Duk zama sai Nemesio ya ga sun ragu, kamar ana tsintar su ɗai-ɗai. Har aka zo ya rage tsohuwa guda.

Sunanta Doña Eduviges Almonte (Doña laƙabin girmama dattijuwa ne a wurinmu), daga wani ƙauye a tsaunukan Monción. Siririya ce mai tsafta, kullum da baƙar lema a hannu da gurasar rogo ƙunshe a tsumma, wadda ita ke gasawa tana sayarwa. Tun da duhun asuba take hawa motar haya, ta zo ta zauna, a ɗage, ta koma. Ganin kullum suna benci ɗaya, wata rana ta gutsuro gurasar ta miƙa masa, shi kuma ya sayo musu kofi. Ya gaya mata ko shi wane ne da irin aikin da yake yi, bai ɓoye mata komai ba.

Sai da suka saba sosai sannan ta ba shi labarinta.

Tana da jika a New York, wanda ita ta raine shi. Wata rana aka kira ta a waya, murya tana rawa, abin da aka fara cewa shi ne, “Kaka, sa mini albarka.” Kun san a wurinmu ba yaron da zai buɗe baki gaban babba bai nemi albarka ba. Ta sa masa. Sai muryar ta fashe da kuka, wai ya kaɗe mutum da mota an kulle shi, kuma don Allah kada mahaifiyarsa ta ji. Ashe 'yan damfara ne. Sun san sunan karensa, sun san sunan da take kiransa tun yana ƙarami, duk sun kwaso daga shafinsa na intanet. Kafin rana ta faɗi ta sayar da saniyarta ta tura musu kuɗin.

Ita ta kai ƙara da kanta, amma ko mutum ɗaya a gidanta bai sani ba. 'Ya'yanta sun ɗauka don kuɗin magani ta sayar da saniyar, kuma duk ranar kotu ce musu take yi za ta asibiti awon jini.

“Ɗana,” ta ce masa, “ba saniyar ce ke damuna ba. In Milagros 'yata ta ji, cewa za ta yi na fara ruɗewa. Za ta karɓe wayata, ta kulle gidana, ta kai ni babban birni ta ajiye a bene ina kallon bango. Ni a gidana nake so in mutu. Wannan magana tsakanina da kai ce da Allah.”

Nemesio ya ce ya ji, kuma ya ɗauki alkawari.

Da lokacin haɗa rahoto ya matso, ya rubuta abin da ya gano ya aika wa Dakta Ivelisse: ba jahilcin alƙalai ke kashe shari'un nan ba, gajiyar da shaidu ake yi da gangan. Ta kira shi a waya, ta ce ra'ayin yana da daɗin ji, amma ina hujja? Kuma tana da gaskiya. Kotu ba ta ba mai bincike kundin shari'ar da ba a gama ba. Ma'aikatan kotu sun yi gum, kowa na tsoron aikinsa. Shaidun da suka daina zuwa kuwa ko wayarsa ba sa ɗagawa.

Cikin maganar tasu ta waya ya ce wa Dakta akwai dai wata tsohuwa da take zuwa har yanzu. Kai, kamar ya jefa wa kaza tsaba. Dakta ta ce ai an gama, a ɗauki muryarta, a dushe fuskarta, a haska a zauren taro, ba alƙalin da zai iya musu.

A irin wannan aiki ƙa'ida ce ba a saka labarin wanda aka cuta sai da yardarsa. Don haka Nemesio ya tambayi Doña Eduviges a zama na gaba, ya bayyana mata amfanin abin, bai matsa mata ba. Ta daɗe tana murza hannun lemarta, sannan ta ce a'a, ya yi haƙuri. Ya ce ba komai, ya sayo kofi kamar kullum.

Dakta Ivelisse ta taso takanas har Santiago, ta same shi a ɗan ofishinsa, fanka na ta ƙugi a kansu.

“Lauya, kai fa ba yaro ba ne,” ta ce. “A canza suna, a rubuta labarin. Kowa haka yake yi. Ita ba za ta taɓa karantawa ba.”

“Dakta, kin san Monción kuwa? Tsohuwa mai gurasar rogo, mai jika a New York, wadda ta sayar da saniya bara. Ko sunan Fafaroma kika sa mata, kafin a tashi daga coci ranar Lahadi kowa ya san ita ce.”

“To a cire saniyar, a cire jikan.”

“In an cire su kuma sai ya zama ƙagaggen labari, ni kuwa ba shi aka ɗauke ni in rubuta ba.”

Ta ce ya tuna tsofaffi nawa za a ceta in aka gyara wannan matsala, ya zai fifita kunyar mutum ɗaya a kansu? Maganar ta soke shi, don shi ma ya sha yi wa kansa wannan tambayar. Amma ya ce wannan tsohuwa an riga an yi amfani da yardarta sau ɗaya an cuce ta, ba zai zama na biyu ba ko da niyyarsa mai kyau ce.

Dakta ta tattara jakarta. Ta ce ba za ta sa hannu a kan zargin lauyoyi ba tare da madogara ba, don haka za ta cire ɓangarensa gaba ɗaya, ta kuma sanar da ƙungiyar. Haka kuwa aka yi. Cikin 'yan kwanaki aka aiko masa da godiya mai sanyi, aka ce aikinsa ya ƙare, sunansa ba zai fito ba.

Abin ya yi masa ciwo, ba zan ɓoye muku ba. Mutum ya tsufa yana raba rigimar iyakar gona, ƙofa ɗaya ta buɗe masa, sai kuma ya rufe ta da hannunsa.

Yocasta kuwa ta yi faɗa kamar za ta ari baki. Ta riga ta ɗinka rigar zuwa taro, yanzu me za ta ce wa yayarta? Ta buga tukwane, ta yi wa kare tsawa bai yi komai ba. Da ta huce sai ta tambaye shi wace ce wannan matar da ya zaɓa a kan aikinsa, me aka yi mata. Ya ce ba zai iya faɗa ba.

“Ko ni?”

“Ko ke.”

Ta harare shi, sannan ta tura masa farantin shinkafa da wake gabansa. “Ci abincinka, tsohona. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Rigar kuma na sa ta ranar bikin wani.”

Ya koma ofishinsa da rigingimun gonarsa da dominonsa. Tolentino ya ce to yanzu benci zai huta. Amma da ranar zama ta zagayo, Nemesio ya goge takalminsa ya tafi kotu. Ba aikin kowa yake yi ba yanzu. Ya dai san tsohuwar za ta taso tun asuba, kuma bai so ta waiga ta ga ba kowa a gefenta.

Tana ganinsa ta matsa masa wuri, ta tambaye shi ya maganar rahoton nasu. Ya so ya kauce, amma ba ya iya ƙarya. Ya ce an cire shi, ya faɗa da murmushi kamar ba komai ba.

“Saboda na ce a'a?”

“Saboda ni na ce a'a, Doña. Ke haƙƙinki kika riƙe.”

“To me ka zo yi yau?”

“Na zo cin gurasa.”

Ba ta yi dariya ba. Ta kalli gefen da samarin ke zaune cikin fararen riguna suna ta raɗa da murmushi, ta sake kallonsa. Ashe ita ma ta zo ne da niyyar wannan ne zuwanta na ƙarshe, don gwiwoyinta sun gaji kuma ƙaryar asibiti ta fara ƙare mata.

Aka shigo da mai shari'a, wata mace da ba ta daɗe da karɓar shari'ar ba, don kundin ya bi ta hannun alƙalai kafin ita. Aka kira sunaye. Sai wani lauya ya miƙe da ladabi ya ce abokin aikinsa na fama da ciwon ido, ga takardar likita. Mai shari'a ta ja numfashi ta fara duba ranar da za ta ɗage zuwa.

Sai Doña Eduviges ta dafa lemarta ta miƙe.

Ɗan sandan kotu ya yi mata alama ta zauna, mai shari'a ta ce a bar ta. Nemesio ya hango ɗan jaridar gidan rediyo zaune a gefe, ya san duk abin da ta faɗa zai fita.

“Ranki ya daɗe, ni ban yi boko ba,” ta ce. “Amma na san adashi, na shekara ina yin sa. Ciwon lauyoyin nan adashi ne, kowa da ranar ɗaukarsa. Wancan mai gilashi ya ɗauka kafin Kirsimeti, wancan dogon ya ɗauka lokacin azumin Ista, yau na mai ido ne. Mun fara zuwa nan mun cika benci biyu, yau ni kaɗai ce. Jira suke in gaji ko in mutu. Sunana Eduviges Almonte daga Monción, ni ce wadda suka sa ta sayar da saniyarta. Ina roƙo a ji ni tun ina da rai.”

Lauyoyi biyu suka zabura za su yi magana, mai shari'a ta ɗaga musu hannu. Ta umarci akawun kotu ya karanto a fili dalilin kowane ɗagewa tun daga farko, da sunan lauyan da ya jawo shi. Yana karantawa sunayen na zagayawa ɗaya bayan ɗaya, har wani a baya ya kasa riƙe dariya.

Mai shari'a dai ba ta yi dariya ba. Ta yanke cewa daga yau duk lauyan da bai zo ba za a ɗauka ya yi watsi da wanda yake karewa, a ba wanda ake tuhumar lauyan gwamnati a ci gaba. Ta sa rana kusa, ta ce a ranar za a saurari shaida ko ana ha-maza-ha-mata. Ta kuma ce a rubuta duk abin da aka faɗa a haɗa da umarnin nata.

Ku da ba lauyoyi ba, ga inda abin yake: umarnin da alƙali ya bayar a buɗaɗɗen zama na kowa ne, mai bincike na iya karɓar kwafinsa ya kafa hujja da shi. Abin da Nemesio ya rasa wata da watanni, ga shi da hatimin kotu.

A waje ya ce mata ai ba sai ta yi haka ba, yanzu rediyo zai ɗauka. Ta ce ta sani, shi ya sa za ta yi sauri ta kira Milagros kafin wani ya riga ta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, in ji ta, kuma ta gaji da zuwa asibitin da ba likita.

Nemesio ya aika wa Dakta Ivelisse kwafin umarnin ba tare da ƙarin ko kalma ɗaya ba. Washegari ta kira shi. Na ce muku ba muguwa ba ce. Ta ce ta yi gaggawa, ta nemi afuwa, kuma ita da kanta ta sa ƙungiyar ta jinkirta taron, aka dawo da shi da ɓangarensa a gaban rahoton. Duk da haka umarnin kotun kawai Nemesio ya kafa hujja da shi. Abin da tsohuwar ta gaya masa a benci bai taɓa shi ba, don ba ta ce ya taɓa ba.

Ranar shaida, lauyoyi suka zo reras, ba mai ko tari. Doña Eduviges ta iso da wata mace mai jiki riƙe da hannunta, fuska a murtuke. Milagros ce. An ce ta yi kuka ta yi faɗa, amma ba a kan saniya ba. Abin da ya ƙona mata rai shi ne uwarta ta shekara tana hawa mota ita kaɗai tana zama gaban waɗanda suka cuce ta, ita tana can ba ta sani ba. Maganar komawa babban birni ta taso, tsohuwar ta ce wadda ta tsaya gaban alƙali ta tsara magana ba ta ruɗe ba, aka bar ta a gidanta da wayarta.

Ta ba da shaidarta daki-daki. Da lauyan samarin ya so ya rikita ta, ta ce masa ya yi a hankali, bai daɗe da tashi daga zazzaɓi ba.

Da aka tashi, Milagros ta zo ta riƙe hannun Nemesio da hannu biyu. Doña Eduviges ta gyara ɗankwalinta ta dube shi.

“Ɗana, wancan labarin da na ba ka, yanzu ka rubuta shi. Ka sa har da albarkar da na sa wa ɓarawo, don wata kakar ta ji ta yi hattara. Kuma kada ka canza mini suna. Eduviges Almonte, ka rubuta shi cikakke.”

Darasi: Amanar da aka ba ka ba taka ba ce, ko da ka ga sayar da ita zai kawo alheri. Ka riƙe ta ko da za ka yi asara, ka bar mai ita ya buɗe da bakinsa a ranar da ya shirya, domin abin da ka rasa saboda riƙon amana yakan dawo maka ta ƙofar da ba ka zata ba. Ku tura wannan labari ga 'yan'uwa da abokai, sannan ku kira iyayenku da kakanninku yau ku gaya musu cewa in an taɓa damfararsu, ba abin kunya ba ne su faɗa muku.